Dexter Lyndersay (1932-2006): Masanin Hasken Dandamali da Wasan Shaihu Umar

Manazarta adabin Hausa sun san sunan Dexter Lyndersay ne a bangon littafi guda, wato wasan kwaikwayon Shaihu Umar wanda suka tsara tare da Umaru Ladan. Sai dai asalin sana'arsa ita ce tsara haske da kayan dandamali, fannin da nazarin wasan kwaikwayon Hausa bai cika waiwaya ba.

An haife shi a ƙasar Tirinidad da Tobago a shekarar 1932. Ya yi karatun fasahar wasan kwaikwayo a Amurka, a makarantar Goodman da ke Shikago da kuma Jami'ar Yale. Ya zo Nijeriya a shekarun 1960, ya zama mai kula da fasahar dandamali a Jami'ar Ibadan, har ya riƙe sashen wasan kwaikwayo a lokacin da Wole Soyinka yake tsare, tsakanin 1967 da 1969. A wancan zamani galibin masu sarrafa fitilun dandamali a jami'o'i baƙi ne. Lyndersay ya dage wajen horar da 'yan ƙasa, domin sana'ar ta zauna a hannunsu.

A farkon shekarun 1970 ya koma Arewa, ya kama aiki a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. A wannan zama ne ya haɗa hannu da Umaru Ladan suka mayar da ƙagaggen labarin Abubakar Tafawa Ɓalewa na 1934 zuwa wasa, kamfanin Longman ya buga shi a 1975. Adamu Halilu kuma ya mayar da labarin fim a 1976.

Zubin labarin ya nuna dalilin da ya sa aikin yake buƙatar irin iliminsa. Shaihu Umar yana zaune gaban almajiransa yana ba su tarihinsa, labarin kuwa yana komawa baya zuwa Kagara da Kano da hamada da ƙasar Larabawa. Mai karatu yana bin wannan sauyi a zuci. Mai kallo kuwa sai an nuna masa, kuma haske yana cikin manyan hanyoyin yin haka: a dusashe wani sashe na dandamali, a haskaka wani, a sauya launi domin bambanta jiya da yau, ko zaure da sahara.

Daga Arewa ya wuce Jami'ar Kalaba, inda ya shugabanci sashen wasan kwaikwayo, kafin ya koma ƙasarsa. Ya rasu a 2006.

Rubutaccen wasa yana zama a ɗakin karatu, amma tsarin haske yana gushewa da an tashi daga kallo. Saboda haka akwai aiki a gaban manazarta: tattara bayanan waɗanda suka yi aiki a bayan fage tun suna raye, domin tarihin wasan kwaikwayon Hausa ya haɗa da su.