Sardauna da wasan ƙwallon bango

Kowa ya san Sir Ahmadu Bello da siyasa, amma ɗan wasa ne tun yana matashi. An haife shi a Rabah, ya shiga Kwalejin Katsina a 1926, inda ya zama kyaftin a wasan Fives. Wasa ne na mutum biyu-biyu, ana dukan ƙwallo da tafin hannu tana komowa daga bango, don haka gwani ma sai da abokin kirki.

Zamansa Firimiyan Arewa a 1954 bai raba shi da filin ba. An kashe shi ranar 15 ga Janairun 1966 a gidansa na Kaduna, wanda yau ake kira Gidan Arewa. Har yanzu ana fafata Kofin Sardauna.