Inez Prosser: Kuɗin Makarantar Mutum Ɗaya a Gidan 'Ya'ya 11

'Yan uwa mata, a wannan fitowa ta bikin zagayowar shekarar ƙungiyarmu an ce mu kawo tarihin wata mace. Mu da muke rufe rumfa da la'asar mu ruga ajin yaƙi da jahilci, sai muka zaɓi wadda malamarmu ta taɓa ba mu labarinta, muka kwana muna zancenta. Sunanta Inez Beverly Prosser, baƙar fata ce 'yar jihar Teksas a Amurka.

Su 11 ne a gidansu, ita ce babba a mata. Babanta aikin kai wa mutane abinci kan tebur yake yi, mamanta tana gida da yara. Da aka zo maganar karatun gaba, aka duba aljihu, kuɗin mutum ɗaya kawai zai ɗauka. To kun san wanda za a zaɓa, ko a can ko a nan: namiji. Iyayen suka tsayar da yayanta Leon. Shi kuwa ya lallashe su a kan a tura Inez, don ta fi shi son karatun. Wallahi duk sanda muka zo nan sai mu yi shiru. Mu nawa ne aka cire daga firamare don a biya wa ɗan'uwa?

Ta tafi makarantar horon malamai ta Prairie View, ta fito ta kama koyarwa a makarantun baƙaƙen fata, don a lokacin doka ta raba ɗan baƙi da ɗan fari, kowa da makarantarsa. A 1916 ta auri Allen Rufus Prosser, mai aikin tuƙa na'urar hawa bene a wani babban kanti a Austin. Tana aure, tana koyarwa, tana karatun digiri a kwalejin Samuel Huston, kaɗan-kaɗan kamar zubin adashe. Da ta nemi digiri na biyu, jami'o'in jiharta ba sa ɗaukar baƙar fata, sai da ta tafi har Kolorado, ta gama a 1927. Daga nan ta yi aiki a kwalejin Tillotson, sannan ta Tougaloo a Misisipi. A 1931 ta sami tallafin karatu ta shiga Jami'ar Cincinnati, a 1933 aka ba ta digiri na uku, wanda ake cewa digirin digirgir, a fannin ilimin halayyar ɗan Adam. Ana lissafa ta a matsayin baƙar mace ta farko a Amurka da ta kai wannan matsayi a fannin.

Abin da ta bincika shi ya fi tsaya mana a rai. Ta ɗauki yara baƙaƙe 64, wasu a makarantar da aka cakuɗa su da farare, wasu a ta baƙaƙe zalla. Ba makin jarrabawa ne kawai damuwarta ba, zuciyar yaron take son gani: yana jin shi mutum ne? Yana da abokai? Yaya yake da malaminsa? Sai ta tarar yaran da ke cikin farare sun fi jin ƙasƙanci da kaɗaici, sun fi ɗokin barin makaranta, waɗanda ke hannun malamai 'yan uwansu kuwa hankalinsu ya fi kwanciya. Magana ce mai nauyi, domin masu son wariya za su iya rungumarta su ce ai ga shi nan. Amma ita laifin ta ɗora shi a kan wulaƙancin da ake yi wa yaran, kuma ta nuna ba duk yara ne ɗaya ba, akwai wanda cakuɗar ta fi dacewa da shi. A ganinmu ta yi ƙarfin hali da ta rubuta abin da ta gani. Mun san wannan jin. Da yawa cikinmu sai da muka sami aji na mata sa'o'inmu, inda ba mai dariyar yadda muke riƙe fensir, sannan bakinmu ya buɗe.

Bashin Leon kuwa ba ta manta ba. Daga albashinta na malanta ta ware kuɗi don karatun ƙannenta, wasu ma ta ɗauko su suka zauna a wurinta. Dukansu 11 sun gama sakandare, biyar bayan ita suka yi digiri.

Shekara ɗaya kacal ta yi da sunan dakta. A ƙarshen Agustan 1934 ta je Teksas ganin gida, suna hanyar komawa Misisipi da mijinta da ƙanwarta suka yi haɗarin mota kusa da Shreveport a jihar Louisiana. Ta yi kwanaki a asibiti, ta rasu ranar 5 ga Satumba, ba ta kai shekara 40 ba. An binne ta a San Antonio. Sai bayan shekara 20, a 1954, Kotun Ƙolin Amurka ta soke raba makarantu saboda launin fata.