Robert Cecil: Mutumin da ya mayar da takunkumi makamin diflomasiyya

An haifi Robert Cecil a Landan ranar 14 ga Satumba, 1864. Mahaifinsa, Lord Salisbury, sau uku yana riƙe muƙamin Firaministan Birtaniya. Cecil ya yi karatu a Oxford, ya yi aikin lauya, sannan ya shiga majalisar dokoki a 1906.

Sunansa ya fito ne a Yaƙin Duniya na Ɗaya. A Fabrairun 1916 aka naɗa shi ministan da ke kula da toshe wa Jamus hanyoyin ciniki. Aikin yana da wuya, domin hatsi da auduga da man fetur na isa Jamus ta hannun 'yan kasuwar ƙasashen da ba su shiga yaƙin ba. Makamin da Cecil ya riƙe shi ne baƙin jerin sunaye. Duk kamfanin waje da aka samu yana hulɗa da abokan gaba, sai a haramta wa 'yan Birtaniya ciniki da shi, jirgin ruwan da ya ɗauko kayansa kuma a hana shi gawayi a tashoshin Birtaniya. A zamanin da jirage ke tafiya da gawayi, wannan hukunci ya isa ya durƙusar da kamfani.

A Yulin 1916 kamfanoni da 'yan kasuwar Amurka fiye da 80 suka shiga jerin. Shugaba Woodrow Wilson ya fusata, majalisar dokokin ƙasarsa kuma ta ba shi ikon ramuwa. Abin lura shi ne, da Amurka ta shiga yaƙin a 1917, sai ta kafa tata dokar hana ciniki da abokan gaba, ta fitar da nata jerin. Toshewar ta raunana Jamus ƙwarai, amma fararen hula ne suka fi jin jiki, yunwa da cuta suka hallaka dubban ɗaruruwa.

Bayan yaƙi, Cecil na cikin waɗanda suka tsara yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙasashen Duniya a Paris a 1919, ƙungiyar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta gada. Sashe na 16 ya wajabta wa mambobi yanke hulɗar ciniki da kuɗi da duk ƙasar da ta karya alkawari ta tayar da yaƙi. Cecil ya yi imani cewa tsoron wannan zai hana zubar da jini.

Habasha ce ta gwada wannan imani. Da Italiya ta mamaye ta a Oktoban 1935, ƙungiyar ta ƙaƙaba takunkumi, amma ba ta haɗa da man fetur ba, ba a kuma rufe mashigin Suez ba. Addis Ababa ta faɗi a Mayun 1936, aka janye takunkumin a Yuli.

An ba Cecil kyautar zaman lafiya ta Nobel a 1937. Ya halarci zaman ƙarshe na ƙungiyar a Geneva a 1946, ya kuma rasu ranar 24 ga Nuwamba, 1958, yana da shekara 94.