Rembrandt: Mai Zanen da Ya Kai Littafi Mai Tsarki Cikin Gidaje

An haifi Rembrandt van Rijn a garin Leiden na ƙasar Holan a shekarar 1606. Mahaifinsa mai niƙa hatsi ne. Wajen 1631 ya koma Amstadam, birnin fatake kamar Kanonmu.

A zamaninsa, ikkilisiyoyin Furotesta na Holan sun kawar da siffofi da hotuna daga majami'u, don gudun bautar gumaka. Sai hotunan labaran Littafi Mai Tsarki suka koma gidajen mutane. Rembrandt yakan shafe faifan jan ƙarfe da kaki, ya yi zane da allura, ya tsoma shi a ruwan asid, sa'an nan ya shafa tawada ya buga a takarda. Faifai ɗaya yakan ba da kofe masu yawa, a farashin da bai kai na babban zanen fenti ba. Cikin irin wannan aiki akwai Yesu yana warkar da marasa lafiya bisa Matiyu 19, da Gicciye Uku na 1653. Mutanen da ya zana kewaye da Ubangiji gajiyayyu ne, masu tsummoki, irin waɗanda yake gani a titi.

Shi kansa ya sha wuya. 'Ya'yansa uku sun mutu suna jarirai, matarsa Saskia ta rasu a 1642. Ya kuma yi zunubi a fili: ya zauna da Hendrickje ba aure, har dattawan ikkilisiya suka hore ta a 1654. Gidan da ya saya da bashi a 1639 ya karya shi a 1656. Duk ɗan kasuwar Singa ya san kunyar ranar da masu bin bashi suka kwashe kayan shago.

Tun 1636, yana cikin wadata, ya buga hoton ɓataccen ɗa na Luka 15. Daf da mutuwarsa a 1669 ya sāke zana shi da fenti: ɗa a durƙushe, takalmi a tsinke, hannuwan uba a bayansa.

Ƙaunatattu, ba don tsarkinsa muke tuna shi ba. Muna tuna shi domin hotunansa suna nuna mana Almasihu a tsakiyar masu zunubi da waɗanda suka karye. Idan bashi ko zunubi ya kunyatar da mu, kada mu ƙaurace wa sujada. Mu tashi mu koma wurin Uba.