Shugaba Darman: Ɗan Majalisar da Aka Kora Zuwa Chadi

An haifi Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman a shekarar 1920, ya kuma rasu a 2010. Mutumin Maiduguri ne, ɗan siyasa mai farin jini a wajen talakawa. A zaɓen 1979 ya shiga Majalisar Dokokin Jihar Borno a ƙarƙashin GNPP, jam'iyyar Waziri Ibrahim, har ya zama shugaban masu rinjaye. A lokacin Muhammadu Goni ne gwamnan Borno, tarayya kuwa tana hannun NPN ta Shugaba Shehu Shagari. Darman ba ya raga wa gwamnatin tarayya in ya tashi magana.

To fa, a watan Janairun 1980 sai jami'an shige da fice suka ɗauke shi, suka tsallakar da shi iyaka zuwa Chadi. Ministan harkokin cikin gida, Bello Maitama Yusuf, shi ya sa hannu a takardar korar. Hujjarsu wai ba ɗan Najeriya ba ne, don asalin mahaifinsa daga can ƙasar Chadi yake. Mutumin da jama'a suka zaɓa watanni kaɗan da suka wuce, dare ɗaya ya zama baƙo a garinsu!

'Yan jam'iyyarsa ba su ɗauki makami ba, kotu suka nufa. Babbar Kotun Maiduguri ta dubi Tsarin Mulkin 1979, wanda ya ce duk wanda aka haifa a Najeriya kafin samun 'yanci, matuƙar ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan wata al'ummar ƙasar nan ne, to ɗan ƙasa ne, kuma ba a korar ɗan ƙasa. Mahaifiyar Darman kuwa 'yar ƙasa ce. Kotu ta soke korar, ta yanke a biya shi diyyar naira 350,000. Gwamnati ta ɗaukaka ƙara zuwa nan Kaduna, a 1982 aka sake tabbatar masa da 'yancinsa.

'Yan uwa ɗalibai, wannan dabara ba ta mutu ba. In an kasa kayar da mutum da hujja, sai a koma tonon asalinsa. Muna ganinta wajen neman takardar shaidar ƙaramar hukuma, muna kuma jin ta a zaɓen ƙungiya. A Rigachikun, inda kowa daga wani gari iyayensa suka taso, wa zai tsira in aka fara? Kafin ka ce wane ba ɗan nan ba ne, tuna da Darman.