Ibnul Haisam: Abin da Ya Tabbata da Abin da Aka Ƙara

An haifi Abu Ali Alhasan ɗan Alhasan, wanda aka fi sani da Ibnul Haisam, a Basra ta ƙasar Iraƙi wajajen shekara ta 354 bayan Hijira (965 Miladiyya), ya kuma rasu a Alƙahira wajajen 430 (1040). A yau sunansa ya yawaita a rubuce-rubucenmu, sai dai sau da yawa muna cakuɗa tabbataccen tarihinsa da ƙarin gishiri, kuma masana sun daɗe suna saɓani a kan yadda ya kamata a gabatar da shi.

Labarin da ya fi shahara shi ne cewa ya yi iƙirarin zai iya daidaita ambaliyar kogin Nilu, sai halifan Faɗimiyya, Alhakim bi Amrillah, ya gayyato shi Masar. Da ya isa kudancin Aswan ya ga kogin da idonsa, ya gane aikin ya fi ƙarfinsa. Don tsoron fushin halifa sai ya yi haukan ƙarya, aka tsare shi a gida har ƙarshen mulkin Alhakim a 1021. Wanda ya kawo wannan ruwaya shi ne Alƙifɗi, wanda ya rasu a 1248, wato sama da shekara 200 bayan mai tarihin. Albaihaƙi kuwa, wanda ya riga shi, cewa ya yi gudu ya yi zuwa Sham. Saboda haka daidai ne mu ba da labarin tare da sunan mai ruwayarsa, kada mu mayar da shi abin da babu kokwanto a cikinsa.

Abin da babu jayayya a kansa shi ne littattafansa. Mafi girmansu Kitabul Manazir, mai juzu'i 7, a kan haske da gani. Yukilid da Baɗlaimus sun tafi a kan cewa haske yana fita daga ido ya taɓa abin da ake kallo. Ibnul Haisam ya kafa hujja da lissafi da gwaji cewa haske daga abin kallo yake tasowa ya shiga ido, kuma a miƙe yake tafiya. An fassara littafin zuwa Latin, aka buga shi a Basel a 1572, Kamaluddin Alfarisi kuma ya yi masa sharhi a Tanƙihul Manazir. Haka nan ya rubuta littafi sukutum yana bayyana kurakuran Baɗlaimus a ilimin taurari, duk da girmama shi da yake yi.

Amma masu cewa shi ya ƙirƙiro kyamara sun wuce gona da iri. Abin da ya yi shi ne nazarin yadda haske ke ratsa ƙaramar huda zuwa cikin ɗaki mai duhu, kuma masanan Sin sun lura da hakan ƙarnoni da dama kafinsa. Ɗaukar hoto sai a ƙarni na 19 ta samu. Akwai ma inda bai dace ba: ya ɗauka ƙwayar da ke gaban ido ita ke karɓar gani, sai a 1604 Kepler ya nuna cewa a bangon bayan ido hoton yake sauka.

Masu ƙarin suna ganin hakan martani ne ga waɗanda suka shafe gudummawar Musulmi daga tarihin kimiyya, kuma lalle an yi wannan shafewar. Sai dai ɗalibin da muka gaya wa ƙarya ɗaya, ranar da ya gano ta zai yi shakkar gaskiya goma da ke tare da ita. Mu da muka gāji ilimin isnadi, inda ake tantance mai ruwaya kafin a karɓi zancensa, mu ne mafi cancantar kiyaye wannan amana. Mutumin da bai karɓi maganar Baɗlaimus ba sai da ya auna ta, bai kamata mu yaba shi da abin da ba mu auna ba. Allah Ya jiƙansa, Ya amfanar da mu da iliminsa.