Jean Monnet: Ɗan Kasuwar da Ya Ɗinke Faransa da Jamus

Yau labarin wani Bafaranshe na kawo muku, wanda bai yi jami'a ba, bai kuma taɓa cin zaɓe ba, amma da dabararsa Faransa da Jamus suka sha inuwa ɗaya, bayan sun gwabza yaƙi sau uku tsakanin 1870 da 1945.

An haifi Jean Monnet a 1888 a garin Cognac. Sana'ar gidansu sayar da barasa ce. Wannan kam ba abin koyi ba ne a wajenmu, amma ita ta fitar da shi duniya. Yana ɗan shekara 16 ya bar makaranta, aka tura shi Landan koyon ciniki, daga nan sai Kanada da Amurka.

A Yaƙin Duniya na Ɗaya ya lura da wani shirme: Faransa da Ingila abokin gabarsu ɗaya, amma kowa na rububin sayen alkama da hayar jiragen ruwa shi kaɗai, suna tsawwala wa juna farashi. Ya dage har aka haɗa sayayyar. Wannan ya kai shi zama mataimakin babban sakataren ƙungiyar ƙasashen duniya ta farko a 1919, wadda ta gabaci Majalisar Ɗinkin Duniya. Can ya ga inda gizo ke saƙa: ƙasa ɗaya in ta ce a'a, shi ke nan magana ta mutu. A 1923 ya ajiye aikin.

To, abin da ya fi jan hankalina shi ne 1950. Jamus ta Yamma ta fara farfaɗowa, Amurka na son ta yi ƙarfi saboda Tarayyar Sobiyet, su kuwa Faransawa tsoro ya cika su, don wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Monnet bai tsaya wa'azin yafiya ba. Da me ake ƙera tankar yaƙi da igwa? Da kwal da ƙarfe. Sai ya kawo shawarar a ɗora kwal da ƙarfen ƙasashen biyu ƙarƙashin hukuma guda, wadda hukuncinta zai hau kan kowa. Kun ga ke nan babu mai shirya yaƙi a ɓoye.

Ministan harkokin wajen Faransa, Robert Schuman, ya sanar da shirin ranar 9 ga Mayu, 1950. Shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma, Konrad Adenauer, ya amince nan take. A 1951 ƙasashe shida suka sa hannu a Paris, har da Italiya, Beljiyam, Holand da Luksamburg. Ingila ta noƙe. Monnet ne ya fara shugabantar hukumar a 1952, kuma daga ita Tarayyar Turai ta yi tsiro.

Ba duka ya ci ba fa. Shirinsa na rundunar sojan Turai guda, majalisar ƙasarsa ce da kanta ta yi fatali da shi a 1954. Akwai kuma ƙorafin cewa tsarinsa ya damƙa iko ga ƙwararrun da talaka bai zaɓa ba. A ganina ƙorafin na da ƙamshin gaskiya, kuma har gobe ana yi wa Brussels shi.

Ya rasu ranar 16 ga Maris, 1979, yana da shekara 90. A 1988 aka mayar da tokarsa Panthéon, makwancin manyan Faransa da ke Paris.